Komawa Inda Aka Kore Ka

A shekarar 1939 wata ƙungiyar mata fararen fata ta hana Marian Anderson yin waƙa a zauren Constitution Hall da ke birnin Washintan, don kawai ita baƙar fata ce. Ba ta tada jijiyar wuya ba. Ranar 9 ga Afrilu ta tsaya a fili gaban ginin tunawa da Lincoln, ta yi wa mutum 75,000 waƙa.

A 1942 ƙungiyar nan ta gayyace ta zauren, ta kuwa amsa, ta yi waƙa a can a 1943, da sharaɗin baƙaƙe da farare su zauna a cakuɗe. Shin komawa inda aka wulaƙanta ka rashin zuciya ne?

Mukan ɗauka kare mutunci shi ne mu ƙaurace wa wanda ya ci mana fuska har abada. Amma da ta ƙi zuwa, da ta bar wa masu wariya zauren yadda suke so. Haƙurinta ya zo da sharaɗi, shi ya raba shi da ƙasƙanci.

A 1955 ta zama baƙar fata ta farko da aka ba babban matsayi na waƙa a Metropolitan Opera. Mahaƙurci mawadaci, in dai ya san darajar kansa.