In Na Yarda a Yi Mini Aiki, Bangaskiyata Ta Gaza Ke Nan?

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7, Markus 14:32-42

Wata 'yar'uwa da ke sauraron shirinmu daga yankin Maraɗi ta aiko mana da wasiƙa. Ta ce kusan shekara guda ke nan wani ciwo yana kama ta a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, yana harbawa har bayan kafaɗa. Yakan zo mata da dare, galibi in ta ci tuwo da miya mai mai, ko ƙosai, ko soyayyen nama. In ya tashi ba zama, ba kwanciya, sai juyi da amai har wajen asuba. Da ta je asibiti aka ɗauki hoton cikinta, likita ya ce akwai tsakuwa a matsarmamarta, kuma shawararsa ita ce a yi mata aiki a cire matsarmamar.

Tun daga ranar, in ji ta, barci ya ƙaurace mata. Tana tsoron kada a yi mata allurar barci ta kasa farkawa, ga 'ya'ya biyar, ƙaramarsu ba ta shiga makaranta ba. Wasu kuma a majami'a sun ce mata an riga an yi mata addu'a, ta karɓi warkarwarta, kada ta bari a yanka ta. Sai ta rufe wasiƙar da wannan tambaya: "In na yarda a yi mini aiki, bangaskiyata ta gaza ke nan? Wannan tsoro da nake ji kuma, zunubi ne?"

'Yar'uwa, mun gode da kika rubuto, domin masu irin tambayarki suna da yawa, kunya ce ta hana su furtawa. Bari mu fara da jikin da Allah ya yi miki, sa'an nan mu koma ga Maganarsa.

Duk matar da ta taɓa gyara kaza ta san matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya. Ita ce 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Mu ma muna da ita, a ƙarƙashin hanta, a gefen dama. Hanta ce take yin ruwan ɗacin da ke narkar da mai a cikin abinci. Matsarmama kuwa rumbu ce kawai: tana ajiye ruwan, in mutum ya ci abinci mai maiƙo sai ta matse ta tura shi cikin hanji. Wani lokaci ruwan yakan daskare ya zama tsakuwa, wata ƙanana kamar ƙwayar gero, wata kuwa har ta kai girman ƙwan zabo. Mutane da yawa suna yawo da irin wannan tsakuwa ba su sani ba, ba ta kuma damunsu. Amma in matsarmama ta matse, tsakuwa ta toshe bakinta, a nan ne ciwon yake tashi, ya yi rabin sa'a ko sa'o'i kafin ya lafa.

Abin ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haihu da yawa, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40. Masu ciwon sikila su ma yakan same su tun suna yara, saboda ƙwayoyin jininsu suna saurin fashewa. Mun faɗi wannan ne domin ki sani ba jifa aka yi miki ba, ba kuma hukuncin wani zunubi ba ne. Ciwo ne da aka san dalilinsa, aka kuma san maganinsa.

To, mu zo ga tambayarki ta fari. Masu hana zuwa wurin likita sukan kafa hujja da sarki Asa, wanda 2 Tarihi 16:12 ta zarge shi da neman taimakon masu magani a lokacin ciwon ƙafarsa, bai nemi Ubangiji ba. Amma a karanta surar tun daga farkonta. Asa ya riga ya kwashe azurfa da zinariya daga Haikali ya sayi goyon bayan sarkin Suriya. Da Hanani mai gani ya tsauta masa, sai ya jefa shi kurkuku. Mutum ne da zuciyarsa ta daɗe da barin dogara ga Allah, ciwon ƙafa ya zo ya tona asirin abin da ke ciki. Laifinsa shi ne ya bar Ubangiji a waje.

Dubi kuma sarki Hezekiya a karatunmu na yau. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa ga bango ya yi addu'a da kuka mai zafi. Allah ya ji, ya yi masa alkawarin ƙarin shekara 15. Duk da wannan alkawari, annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun, sa'an nan sarki ya warke. Wa ya warkar da Hezekiya? Allah ne. Ta wace hanya? Ta hanyar maganin da mutanen zamanin suka sani. Annabin da ya kawo alkawarin, shi ne ya kawo maganin, bai kuwa ga wani saɓani a tsakaninsu ba. Haka manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa, ya kuma yi tafiya tare da Luka, wanda yake likita ne. Saboda wannan fahimta ce masu bishara suka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda har yau ake wa mara lafiya addu'a, a kuma yi masa aiki.

Mun gaskata Allah yana da iko ya narkar da tsakuwar nan a dare ɗaya. In kina jin ya yi haka, ki koma a sake ɗaukar hoton, gama aikin Allah ba ya gudun bincike. Yesu da kansa ya aiki kutaren da ya warkar su je firist ya duba su. Amma in hoto ya nuna tsakuwar tana nan, ciwo kuma yana dawowa, ki tuna da abin da ya faru a kan ƙololuwar Haikali. Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro ƙasa, ai mala'iku za su tare shi, har ya kawo masa aya. Yesu ya ƙi, domin yin haka gwada Allah ne. Wanda Allah ya buɗe masa ƙofa ya ce shi sai ta taga zai fita, ba bangaskiya yake nunawa ba, yana tsara wa Allah yadda zai taimake shi ne. Ki kuma lura, waɗanda suke ce miki kada ki je, ba su ne suke juyi a kan tabarma da tsakar dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayarki ta biyu ita ce ko tsoro zunubi ne. Ki koma gonar Getsamani. Ubangijinmu ya san abin da za a yi wa jikinsa washegari. Markus ya gaya mana ya shiga damuwa da baƙin ciki mai tsanani, ya faɗi ƙasa, ya roƙi Uba a kawar masa da ƙoƙon nan. Ya roƙi abokansa uku su zauna a faɗake tare da shi, domin bai so ya kasance shi kaɗai ba. Wannan kuwa shi ne wanda bai taɓa yin zunubi ba. In jikin Ɗan Allah ya yi rawa a gaban azaba, don me za ki hukunta kanki domin naki ya yi? Tsoro Allah ne ya sa shi a jikin mutum, shi ne yake sa ki janye hannu daga wuta. Abin lura shi ne abin da Yesu ya yi da nasa: bai ɓoye shi ba, ya kai shi gaban Uba har sau uku, ya miƙa kansa ga nufin Uban, sa'an nan ya tashi ya nufi abin da ke gabansa.

Saboda haka jin tsoro ba laifi ba ne. Haɗarin yana ga barin tsoro ya yanke miki shawara, sa'an nan ki sa masa suna bangaskiya. Da yawa daga cikinmu in mun ce muna jiran Ubangiji, gaskiyar ita ce wuƙa muke gudu. Jinkirin kuwa yana da tsada. Tsakuwar da ta fara ciwo takan sake. Tana iya sa matsarmama ta kumbura ta yi ruɓa, ko ta gangara ta toshe hanyar ruwan ɗaci. Aikin da aka shirya masa a natse ya fi aikin gaggawa sauƙi nesa ba kusa ba. Don haka in ciwon ya wuce sa'o'i da yawa bai lafa ba, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka biyo shi, ko idanu suka yi rawaya kamar na mai shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko amai ya ƙi tsayawa, kada a jira gari ya waye. A yi addu'ar a kan hanyar asibiti.

Ki kuma yi hankali da masu cewa a sha man zaitun da ruwan lemun tsami tsakuwa ta fita. 'Yan dunƙule-dunƙulen da ake gani a bayan gida, man ne da kansa ya dunƙule a cikin hanji, tsakuwar tana nan inda take. Rage mai a abinci yana iya rage yawan tashin ciwon kafin ranar aiki, amma ba ya kawar da tsakuwa.

Sanin abin da za a yi miki yana rage fargaba. Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani likita mai suna Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmama a birnin Berlin na Jamus a 1882, yau kuma yana cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a duniya. Tun wajen 1985 aka fara yin sa ta 'yan ƙananan huji uku ko huɗu, ɗaya a wajen cibiya, da na'ura mai nuna cikin ciki. Mai irin wannan yakan koma gida a ranar ko washegari, ya koma harkokinsa bayan kamar mako 2. Inda babu na'urar, ko in likita ya ga ya fi dacewa, akan tsaga ƙarƙashin haƙarƙari, mutum ya yi 'yan kwanaki a gadon asibiti, ya huta kamar mako 6. Bayan an cire matsarmama hanta tana ci gaba da aikinta, ruwan ɗaci yana zuba kai tsaye cikin hanji, mutum yana ci yana sha, yana noma, yana haihuwa. Wasu sukan yi ɗan zawo na wani lokaci. Ba za mu ɓoye miki ba, kowane aiki yana da haɗarinsa, kamar zubar jini, ko ruɓar rauni, ko a taɓa hanyar ruwan ɗaci, ko da yake wannan na ƙarshe ba kasafai yake faruwa ba. Ki tambayi likitanki duk abin da ke ranki. Ki gaya masa kowane magani da kike sha, har da na gargajiya, da ko kina da sikila, ko hawan jini, ko ciwon suga. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Saura batun allurar barci, wadda ita ce ta fi tayar miki da hankali. Abin da ke da wuya a cikinta shi ne mutum ya saki komai, ya rufe ido, ya bar kansa a hannun wasu. Amma 'yar'uwa, wane dare ne ba ki yi haka ba? Kowane dare kina kwanciya, ba ke kike lura da bugun zuciyarki ba, ba ke kike ƙirga numfashinki ba, ba ke kike tsaron 'ya'yanki ba. Zabura 121 ta tuna mana cewa mai tsaronmu ba ya barci. A ɗakin tiyata ma akwai ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai lura da numfashinki da zuciyarki tun daga farko har ki farka, a bisansa kuma akwai wanda ya riƙe ki tun kina cikin mahaifiyarki. Ba mu da ikon yi miki alkawarin yadda kowane abu zai kasance, gama ran kowa a hannun Allah yake, na kan gadon asibiti da na kan gadon gida. Abin da muka tabbata shi ne, ko a raye ko a mace mai bi na Ubangiji ne, kamar yadda Romawa 14 ta koya mana. 'Ya'yanki ma nasa ne tun kafin su zama naki.

Kalma ta ƙarshe ga ikilisiya. A Getsamani almajirai sun yi barci a lokacin da Ubangiji ya fi bukatarsu. Kada mu maimaita wannan. In 'yar'uwa tana jiran aiki, kada mu ɗora mata nauyin cewa bangaskiyarta ce ta yi kaɗan. Dattawa su je su yi mata addu'a. Matan zumunta su raba kwanaki, a san wa zai yi jinya, wa zai dafa wa yara, wa zai ɗebo ruwa har ta warware, domin ba a so ta ɗauki abu mai nauyi bayan aiki. Matasa su je a gwada jininsu ko za a bukata. A haɗa gudummawar kuɗin asibiti ba sai ta roƙa ba. Sau da yawa rabin tsoron mara lafiya, tsoron kuɗi ne da tsoron wa zai riƙe gida.

Ki tashi, 'yar'uwa, ki koma wurin likitanki, ki sa a ba ki rana. Ki tafi da tsoron naki in bai tafi ba, Ubangiji ya san nauyinsa.

Addu'a: Ya Uba na sama, kai ne ka gina jikinmu, ka san kowace gaɓa da ke ciki. Muna kawo gabanka dukan waɗanda ciwo ya hana su barci, da masu jiran ranar aiki. Ka karɓi tsoronsu kamar yadda ka karɓi kukan Hezekiya. Ka ba likitoci da masu jinya hikima da natsuwar hannu. Ka tashe mu, mu jama'arka, mu tsaya tare da su. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.