Shahidi Ne, Ko Mai Taurin Kai?

Ran nan muna darasin Tarihi, na ba yara labarin Kiristocin farko waɗanda aka kashe a zamanin Rumawa. Da na gama sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni dai na ga kamar wauta ce. Don me ba su faɗi abin da sarki ya ke so da baki ba, su bar na zuci a zuci? Ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." 'Yan aji suka bushe da dariya, amma ni ban yi ba. Na kwana ina juya maganar nan, har na ga ya kamata in kawo ta nan mu duba tare, ku 'yan makaranta.

Da fari mu san abin da aka nema gare su. Wajen shekara ta 112 an yi wani gwamnan Rumawa, sunansa Filini, a Bitiniya, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Ya rubuta wa Sarkin Rum, Tirajan, yadda ya ke yi da Kiristoci. In an kawo mutum sai ya tambaye shi har sau uku ko shi Kirista ne. Wanda ya tsaya a kan bakansa sai a kashe. Wanda kuwa ya ƙona turare gaban siffar sarki, ya zagi Almasihu, sai a sallame shi. Filini ya bincika bai same su da sata ko kisankai ba, amma ya ga taurin kan nasu kaɗai ya isa horo. A 250 kuma Sarki Disiyus ya umurci kowa ya yi hadaya ga allolin Rum, ya karɓi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar.

Kun ga abin da aka nema bai fi ɗan turare tsakanin yatsa biyu ba. To, ashe yaron nan ya yi gaskiya ke nan?

Mu duba kalmar kanta. Shahidi da shahada da shaida duk tushensu ɗaya ne cikin Larabci, haka kuma kalmar da Girkawa su ke kiran shahidi da ita, ma'anarta mai ba da shaida. Ku ɗauka an ƙwace gonar wata gwauruwa, ku kuwa kun san iyakar gonar. Aka kira ku gaban alƙali, kuka faɗi abin da mai ƙarfi ya ke so, kuka bar gaskiya a zuci. Ina amfanin gaskiyarku ta zuci ga gwauruwan nan? Ba mai ganin zuciya sai Allah. Mu 'yan Adam da abin da baki ya furta mu ke ciniki, da shi mu ke ɗaura aure, da shi mu ke ba da amana. Sarkin Rum ma bai rasa turare ba. Abin da ya ke so shi ne jama'a su gani da idonsu ba wani lungu cikin mutum wanda ikonsa bai kai ba.

A 203, a birnin Kartaj kusa da Tunis, an kama wata mace mai suna Ferfetuwa, 'yar manyan gida, shekararta kamar 22, tana goyon jariri. Ubanta ya zo ya yi ta roƙonta ta sake magana. Sai ta nuna masa wani tulu da ke ajiye, ta tambaye shi ko ana iya kiransa da wani suna ban da tulu. Haka ita ma, in ji ta, ba ta iya kiran kanta da sunan abin da ba ita ba. Aka jefa ta wa namun daji a dandali tare da wata baiwa, Filisita, wadda ta haihu cikin kurkuku, sa'an nan aka ƙarasa su da takobi.

Amma kada mu yi saurin tafa hannu mu manta da tsohon nan. Ya tafi gida da furfurarsa da jikansa maraya, kukansa kuwa na gaskiya ne. Kowane shahidi ya bar wani yana biyan bashin da bai ci ba. Saboda haka ba ni da bakin zagin waɗanda suka kāsa. A zamanin Disiyus Kiristoci da yawa sun ƙona turaren, daga baya suka komo suna kuka. Aka yi gardama mai zafi a kansu, har shugabanni irin su Sifiriyan, bishop na Kartaj, suka yanke a karɓe su bayan tuba. Sifiriyan da kansa ya ɓuya a 250, ba a sare kansa ba sai a 258. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san al'amarin nan. Kuraishawa sun kashe Yasir da Sumayya a Makka, ɗansu Ammar kuwa ya furta abin da aka tilasta masa, ba a kuwa ɗora masa laifi ba. Malamai masu tafsiri da yawa sun ce mutanen ramin wuta da aka ambata cikin Suratul Buruji su ne Kiristocin Najran, waɗanda Sarki Zu Nuwas ya hallaka wajen 523. Ashe dai an yi wa mai rauni rangwame, an kuma girmama wanda ya daure.

Saura tambaya mai wuya. Shin mutuwar mutum ta isa ta tabbatar da cewa abin da ya gaskata daidai ne? A ganina ba ta isa ba. A Ingila, zamanin Sarauniya Maryamu, an ƙone 'yan Furotesta kusan 300, zamanin ƙanwarta Alisabatu kuma aka rataye limaman Katolika. Kowane sashe yana kiran nasa shahidai, alhali kuwa koyarwarsu ta saɓa. Jini ya kan shaida cewa mutum ba munafuki ba ne, amma gaskiyar koyarwa sai an auna ta da hankali da hujja. Cikin waɗanda aka ƙone har da Tomas Kiranma, babban bishop na Kantabiri, a 1556. Tsoro ya sa ya sa hannu a takardun janye maganarsa. Ranar mutuwarsa ya warware, ya fara miƙa hannun nan na dama cikin wuta, domin shi ya yi rubutun.

Yaya za mu rarrabe shahidi da mai taurin kai? Ni na ga alama biyu. Ta fari, shahidi ba ya farautar mutuwa. Folikaf, tsohon bishop na Simirna, ya fita gari ya fake a wata gona, sai da aka bi shi aka kamo, aka kashe shi wajen 155. Waɗanda suka rubuta labarinsa sun ambaci wani da ya kai kansa don ƙuru, da ya ga namun daji sai ya tsorata ya yi hadaya, suka ce ba su yaba wa irin wannan. Ta biyu, jinin da shahidi ya ke bayarwa nasa ne. Wanda ya kashe bayin Allah sa'an nan ya mutu, ko da sunan wane addini, mai kisankai ne.

Kada ku ce wannan sha'anin tsofaffi ne na zamanin dā. A Buganda, cikin ƙasar Uganda, Sarki Mwanga ya husata da samarin fadarsa waɗanda suka zama Kirista. Yana tsoron Turawa za su ci ƙasarsa ta hannunsu, kuma sun ƙi yarda ya yi alfasha da su. Ran 3 ga Yuni 1886 aka naɗe su cikin asabari aka ƙone su a Namugongo, 'yan Katolika da 'yan Angilika wuta ɗaya. Waɗanda a ke tunawa da sunayensu daga 1885 zuwa 1887 su 45 ne. Ƙaraminsu cikin 'yan Katolika, Kizito, shekararsa kamar 14, watau tsaran waɗansunku.

Ina fata ba wanda za a tsayar gaban wuta cikinku. Amma za a miƙo muku ɗan turaren nan ta wata siffa. Wata rana kuna akawu za a ce ku sa hannu a lissafin da kun san ƙarya ne, ko kuna malamin asibiti a ce ku rubuta abin da idonku bai gani ba. Za a ce muku abu kaɗan ne, kowa ma yana yi. Ran nan za ku san ko akwai wani abu cikinku wanda ba na sayarwa ba ne.

Yaron da ya yi tambaya, amsar da na ba shi kashegari ita ce: durƙusa wa wada ba laifi, muddin in ka miƙe tsawonka na nan. Akwai durƙuson da in mutum ya yi, ya kan tashi ya tarar ya rage. Allah ya ba mu hankalin rarrabewa, ya kuma kiyashe mu da jarrabawar da ta fi ƙarfinmu, amin.