Gidan Wane Ne Wannan? Tsohon Kati, Tarihin Maraɗi da Rufin Asiri

Tsofaffin katunan gidan waya, waɗanda Faransawa ke kira carte postale, da a zamanin mulkin mallaka ake aikawa daga bariki zuwa Bordo ko Marsey, sun soma komowa gida a cikin wayoyin salula, kowane ɗauke da tambayarsa: ina ne nan? Idan hoton na ƙofar fada ne, ko na kasuwa, ko na ayarin raƙuma da buhunan gyaɗa, tambayar ba ta da nauyi, kowa rige-rige yake ya ce ya gane. Amma akwai wani irin kati da ke sa bakin dattawa ya yi nauyi. A ƙaddara rumfa ce a gaban wani ɗakin ƙasa, da teburi biyu, da kwalabe jere a kai, da mutum huɗu ko biyar a zaune, wani da hular Nasara, wani da babbar riga, ga wata mace tsaye a bakin ƙofa. A ƙasa an buga kalma ɗaya tak, Maradi, ba sunan unguwa, ba sunan mai gida. Mashaya ce, babu tantama. To, shin ya dace a nemi sanin ko wace ce, kuma ta wane ce? In an gano, ya dace a faɗa?

Neman kansa ba ƙaramin aiki ba ne, domin Maraɗi gari ne da ya tashi daga mazauninsa. Birnin da Katsinawa suka kafa mulkinsu a ciki wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, bayan jihadi ya raba su da Katsina, a cikin fadamar Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, hukumar Faransa ta mai da jama'a bisa tudu, aka shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi sun hau tudu da sunayensu, amma lunguna da bango da itatuwan da ake kwatance da su sun tsaya ƙasa, ruwa da noma suka shafe su. Wanda ya riƙe katin da aka ɗauka kafin wannan shekara, ya shiga gari yana neman ƙofar da ta yi kama da ta hotonsa, mai yiwuwa yana neman abin da yanzu gonar wani ce. Bugu da ƙari, kalmar Maradi a bakin ma'aikacin mulkin mallaka ba gari kaɗai take nufi ba, har da ƙasar da kumandan ke mulka daga can. Hoton da aka ɗauka a Tsibiri, mazaunin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ko a wani gefe na Jiratawa ranar kasuwa, yana iya fitowa daga maɗaba'a da sunan Maradi a ƙasansa, ba tare da kowa ya ga an yi ƙarya ba.

Masu wannan sana'a suna da dabarunsu. Suna juya katin su duba bayansa: Faransa ba ta yarda a raba bayan kati gida biyu, ɗaya na saƙo ɗaya na adireshi, ba sai a ƙarshen 1903, saboda haka layin da ke tsakiya shaida ne na farko. Suna duba tambur, wato kan sarki, su ga ko an rubuta Territoire du Niger, ko Afrique Occidentale Française, ko République du Niger, kowane da zamaninsa. Suna duba rufin kwano, da ƙirar keke, da inuwar dogon yaro, itacen da baƙo ne a ƙasar nan. Sai dai hatimin gidan waya inda aka jefa kati yake nunawa, ba ya faɗin inda aka ɗauki hoto. Rubutun da ke ƙasa ma ba abin rantsuwa ba ne. François-Edmond Fortier, wanda ya fi kowa shahara da buga katunan Afirka ta Yamma daga Dakar, kuma ya kai har Tumbutu a 1906, masu bincike sun nuna yakan sake buga hoto ɗaya da wani rubutu daban a ƙasa. Abin sha'awa, mutumin da ya ɗauki wahalar tsara jerin katunan Fortier, alƙalin nan Bafaranshe Philippe David, shi ne kuma ya wallafa nazari a 1964 game da tsohuwar daular Maraɗi da tsohon birninta. Da tattara bayanai daga bakin mutanen gari aka iya sake zana birnin da ruwa ya ci.

A nan ne maganar ta bar hannun masana ta shiga hannun lamiri. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a sha'anin tsohon hoto gani ba ya tsayawa da ƙafarsa sai ji ya tallafe shi. Komai gwanintar mai duba tambur, ƙarshenta sai ya je ya durƙusa gaban tsoho ko tsohuwa ya nuna hoton. Shi kuwa Bahaushe ba ya kwatanta wuri da lambar titi. Cewa yake gidan wane, bayan rijiyar wane, kusa da shagon wance. Mashayar Turai tana da allo da suna nata na kanta, wanda ba na kowa ba. Ana iya gano ta, a faɗi sunanta, ba a taɓa mutuncin kowa ba. A Maraɗi sunan wuri sunan mutum ne, sunan mutum kuwa sunan zuriya ne. Ranar da tsohuwa ta ce ai wannan gidan wance ne, to, an ambaci kakar wani da yau yake limanci, ko yake da shago a babbar kasuwa, ko yake neman aure. Kai, ko ba a faɗi suna ba, askar da ke kumatun wanda ke zaune a hoton ta isa ta nuna Bagobiri ne ko Bakatsine, ta rage wa mai tsegumi rabin aiki.

Duk da haka, hujjar mai neman sani tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Garin da ya zaɓi hotunan fada da masallaci kaɗai ya ce su ne tarihinsa, ya yi wa kansa ƙarya. Giya ba Nasara ne ya kawo ta kwarin Gulbi ba. Anna, manoman da suka riƙe al'adun gargajiya a ƙauyukan kwarin, waɗanda Guy Nicolas ya daɗe yana nazari a kansu, suna dafa ta da hatsinsu, kuma tana cikin bukukuwansu. Fadar Maraɗi tana da Iya, ta Gobir tana da Inna, sarautun mata masu kula da bori da matan da ke zaman kansu. Wannan tsari ne na gari, sananne, mai matsayi a fada. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kawo kwalba, tare da ma'aikata da akawu da direbobi daga ƙasashen bakin teku, ga tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙin duniya da sababbin ɗabi'u. Rumfa irin ta wannan kati tana daga cikin wuraren da baƙo da ɗan gari, mai albashi da ɗan dako, suke haɗuwa a teburi ɗaya. Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yadda dukiyar garin ta ginu. Amma garin da ya haifi Alhazan nan yana da dare kamar yadda yake da rana. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka cewa mashaya baƙuwa ce da ta shigo jiya, zai kuma kasa fahimtar abin da ya faru a watan Nuwamba na 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashayai da gidajen mata da wuraren ibadar Kirista. Barbara Cooper ta buɗe littafinta na 2006 da nazarin wannan rana. Fushin da ya tashi a lokacin yana da tsohon tushe, kuma kowane kati da aka gano wurinsa da shekararsa yana ƙara haske a kan tushen.

Amma wannan ranar ita ce kuma hujja mafi nauyi ta ɗaya ɓangaren. Garin da aka taɓa cinna wa mashaya wuta a cikinsa, kalmar gidan giya ba ta zama kalmar tarihi zalla ba tukuna. Tana iya ƙona mai rai.

Rufin asiri, a wurin Bahaushe, ya wuce ladabi. Addu'a ce da ake yi wa wanda ake ƙauna, kuma buri ne da talaka da mai kuɗi suka yi tarayya a kai. Addini ya ƙarfafa shi: aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken aibin mutane, ta haɗa shi da giba a wuri ɗaya. Malamai kan ba da labarin Halifa Umar, wanda ya haura katangar wani gida da dare ya tarar da mai gidan yana shan giya, sai mutumin ya tuna masa cewa in shi ya yi laifi ɗaya, Halifa ya yi uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ta inda ba ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar ya karɓi maganar ya fita. Abin lura a labarin shi ne, ba a musanta cewa an sha giyar ba. Gaskiyar abin da aka gani ba ta wanke hanyar da aka bi aka gan shi ba. Mai ɗaukar hoton mulkin mallaka ya riga ya haura katanga sau ɗaya, domin da wuya a ce ya nemi yardar matar da ke tsaye a bakin ƙofa kafin ya mai da fuskarta haja, a sayar a kanti, a lasa tambur a manna a bayanta. Jikan garin da ya zo bayan shekara tamanin ya liƙa wa fuskar suna ya watsa, ya haura katangar karo na biyu, wannan karon daga cikin gida.

Faransawa sun warware irin wannan matsala da ƙidayar shekaru. Dokarsu ta 2008 game da ajiyar takardu ta ce abin da ya shafi sirrin rayuwar mutum a buɗe shi bayan shekara 50, takardun shari'a bayan 75. Tunanin da ke ƙarƙashin dokar shi ne kunya tana mutuwa tare da mai ita. Wannan lissafi ba ya aiki a ƙasar da ake binciken asali kafin a ba da aure, inda abin da kaka ta yi kafin ambaliya zai iya hana jikanya miji a yau. A nan kunya gado ce, ana raba ta ko ba a so.

Ke nan hanyar da ta rage ita ce wadda mutumin ya nuna wa Umar: a shiga ta ƙofa, a yi sallama. Abin da yake na gari, gari ya san shi: cewa akwai mashaya, a fadama take ko a tudu, a wane gefe na kasuwa, a waɗanne shekaru, wane irin mutane ke zama, me ake sha, daga ina yake zuwa. Duk wannan ana iya rubuta shi ba a kira sunan kowa ba, kuma shi ne kaso mafi tsoka na abin da tarihi ke bukata. Sunan mai gida da na waɗanda ke zaune kuwa, magadansu ke da magana a kai. A same su a keɓe, a nuna musu, a saurara. Wasu za su ce a rufe. Wasu kuma, fiye da yadda ake zato, za su yi dariya su ce ai da kuɗin nan ta aurar da ƴaƴanta, ta sa ɗanta lakwal, a rubuta. Sannan ma'aunin tabbaci ba ɗaya ba ne: in aka yi kuskure aka ce wane ne ke riƙe da linzamin dokin sarki, an ba shi girman da ba nasa ba, abin ya tsaya nan, in aka yi kuskure a kan rumfar kwalabe, an yi ƙazafi ga mamacin da ba zai iya kare kansa ba. Shaidar tsoho ɗaya mai raunin ido ba ta isa ba, ko da ya rantse.

Akwai ƙorafin da za a yi wa wannan hanya, kuma gaskiya ne. Rufin asiri ba a raba shi daidai a duniya. Gidan da ke da ƙarfi zai sa a binne sunan kakansa da ke zaune a teburi, alhali matar da ke tsaye tana zuba musu, wadda wataƙila baƙuwa ce daga wani gari kuma ba ta bar kowa a nan ba, ita ce za a kira da suna, tunda babu mai tsaya mata. In haka ta faru, an yi amfani da sutura an rufe mai riga, an tuɓe marar ita. Mai binciken kirki shi ne zai zama danginta: abin da ya ɓoye wa ɗan babban gida, ya ɓoye wa wadda ba ta da gida.

Ɓoyewa kuma ba shafewa ba ce. Yaron da yake da shekara 10 lokacin ambaliyar 1945 yau ya kai 90, kuma irinsa ba su da yawa a zaurukan Bagalam da Mokoyo. Jinkirin tambayarsu don tsoron abin da za su faɗa asara ce da ba ta da magani. Abin yi shi ne a ɗauki muryarsu yanzu, da sunaye da komai, a rubuta rana da wuri da wanda ya faɗa, a damƙa amana ga cibiyoyin da aka kafa don haka, irin su IRSH da CELHTO a Yamai, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan Maraɗi, bisa sharaɗin cewa mai nazari zai iya saurara amma ba zai watsa suna ba sai da yardar magada. A jikin katin da za a nuna wa jama'a kuwa, a rubuta garin da unguwar da shekarun da aka tabbatar, a bar gurbin sunan mai gida fari, da ɗan rubutu a gefe cewa an san shi, yana ajiye.