Fitilar Ado: Almubazzaranci ko Hikima?

A shekarar 2015 birnin Maraɗi ya karɓi bikin 18 ga Disamba, aka raɗa wa shirin suna Maraɗi Kwalliya. Sunan ya ƙunshi tsohuwar muhawara: shin ado yana da hurumi a inda buƙata ba ta biya ba? Tambayar tana nan a kan ƙananan fitilun LED masu sauya launi, waɗanda ake rataya wa rumfunan biki da ƙofofin shaguna, daga Maraɗi har Madarunfa.

Hujjar masu suka ba ta wasa ba ce. Lantarkin yankin ya dogara da layin Katsina, kuma an ɗanɗana kuɗa lokacin da Najeriya ta katse wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A ƙauyuka da dama, da tocila ɗalibi yake bitar darasi. Ina dalilin hasken wasa, in ji su, alhali na karatu bai wadata ba?

Sai dai fitilar ado da ta karatu ɗanjuma ne da ɗanjummai. Dukansu sun samo asali daga shuɗiyar LED, wadda ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014. Wutar da suke ci kaɗan ce, ƙaramin faifan hasken rana ya ishe su. Ashe ado bai ƙwaci rabon ɗalibi ba.

Nauyin yana kan mai tsarawa. Kowane ƙwan fitila yana ɗauke da ja da kore da shuɗi. Ana rubuta umarni a ɗan allon lantarki, irin Arduino da aka ƙirƙira a Italiya a 2005, shi kuma ya riƙa kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, har ido ya ga haske ya ƙaru ko ya dushe. Wato mai rubuta umarnin duhu yake aunawa kamar yadda yake auna haske. Haka maɗinkin babbar riga yake: ya san inda aska takwas za ta zauna, ya san inda zai bar yadi fili. Yaron da ya zana dagi da fitilu ya koyi lissafi da haƙuri. Wanda ya sayo igiya mai ƙyaftawa ya rataya, kuɗi kawai ya kashe.

Sanin awo ya haɗa da sanin wurin da ba a kunnawa. Bakin tafkin Madarunfa, inda kaburburan waliyyai 99 suke, natsuwa ce adonsa, kuma farin wata ya wadatar da shi. Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su koya wa matasa rubuta umarnin da hannunsu, tare da sanin lokacin kashewa. A nan ne kwalliya take biyan kuɗin sabulu.