Mai gona da mai gumi: itacen na wane ne?

A al'adarmu, wanda aka ba aron gona yana iya shuka hatsi, dawa ko wake, amma ba a yarda ya dasa itace ba. Hatsi na wata uku ne, itace kuwa yakan yi shekara hamsin tsaye yana ba da shaida, har wata rana ƴaƴan mai aro su nuna shi gaban alƙali su ce ubansu ya dasa. Ashe ke nan kakanninmu sun yarda cewa dashe yana haifar da haƙƙi. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna abin da ya faru a ƙasar Adar cikin shekaru hamsin da suka shige.

A 1975 aka soma dasa dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa. Layi bibbiyu ake dasawa, a bar tazarar kimanin mita 100, kuma layin ba ya tambayar gonar wa zai ratsa. Wani ya rasa kunyoyi a ƙarƙashin inuwa, maƙwabcinsa ya samu kariya bai ba da ko taƙi ɗaya ba. Da itatuwan suka isa sara a shekarun 1980, sai tambaya ta taso: na mai gona ne, na garin da ya yi aikin ne, ko na hukuma? Dokar gandun daji da aka gada daga Faransa ta daɗe da koya wa manomi cewa itacen gonarsa ma yana iya jawo masa tara.

A Keita tambayar ta fi nauyi. Aikin raya karkara na can ya fara a 1984, shekarar babban fari, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi biɗa, wasu Najeriya wasu Abijan, saboda haka mata ne suka yi mafi yawan aikin: ɗaukar duwatsu a ka, jera su, haƙa ramuka a fako da gefen tsaunuka. Kafin farkon shekarun 2000 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an raya fiye da hekta 30,000. To, fako yana da wata ɗabi'a da duk ɗan karkara ya sani: ba ya da mai shi sai ranar da ya yi ciyawa. A ranar ne ake tuna kakan da ya taɓa nome wurin, kuma gadon gona a ƙauyukanmu galibi hannun maza yake bi.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Sukan ce an biya matan. Malaman fiƙihu sun san babin raya matacciyar ƙasa, inda mai rayawa kan zama mai mallaka, amma ɗan ƙodago da ya karɓi ladansa ba ya da'awar gonar da ya nome. In ba haka ba, wa zai sake ɗaukar ɗan barema?

A ganina hujjar ba ta kai ba. Ciniki yana inganta ne idan kowane ɓangare yana iya cewa a'a, mace mai ƴaƴa biyar da rumbu fanko a 1984 kuwa ba ta da wannan ikon. Abin da aka auna mata ya biya wunin da ta yi, bai biya amfanin shekaru arba'in da ya biyo baya ba. Ba ina nufin a ƙwace gadon kowa ba. Ina nufin tsakanin mallakar ƙasa da ladan yini akwai haƙƙi na uku, na cin moriya: ƙirare, ciyawa, ƴaƴan itace, wani yanki na amfanin gona.

Ƙananan basussuka sun nuna abin da mata ke yi idan dukiya tasu ce. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a Maradi a 1991 ya kuma bazu har jihar Tawa, ya ginu a kan asusun da matan ke zubawa kowane mako, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zagaye. Ba mai gadi, ba buhun abinci, ana kuma biya, don kowace ta san kuɗin ƴar'uwarta ne. Wasu da wannan rance suke hayar fili ko karɓar jinginar gona, kamar a garakan albasa na kwarin Tarka kusa da Madawa. Sai dai gonar haya da ta jingina duk hukuncinsu ɗaya da ta aro: macen da ta dasa ɗaruruwan itatuwa a kan tsauni ba ta da izinin dasa guda a inda take noma.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka sauka har matakin ƙauye, suna iya shaida aro da jingina a rubuce. Babu abin da ya hana takardar ta faɗi shekaru nawa ne, da kuma wanda zai sari reshen abin da aka dasa.