Gurbin Da Ya Rage

Ko kun taɓa lura da mace mai jeren kwanoni a ɗakinta? Sa'ad da ta ke da biyu ko uku hankalinta a kwance ya ke. Amma bari jere ya kusa cika, ya rage saura ɗaya. Daga ran nan ba ta ƙara ganin tara ɗin da ke gabanta, sai gurbin na goma. Wata har bashi ta kan ci dominsa, alhali kuwa ba za a taɓa zuba tuwo a ciki ba.

Kada maza su yi dariya. Sarkin Ingila Joji na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, gwanin tara kan sarki ne, irin wanda a ke manna wa wasiƙa. Ya tara na ƙasashen mulkinsa da yawa ƙwarai. Amma akwai wani ɗan ja da aka buga a Giyana ta Ingilishi a 1856, guda ɗaya tak aka sani ya rage a duniya. Wani yaro mai shekara 12 ya tsince shi cikin tsofaffin takardu a 1873, ya sayar sule 6. Da aka yi gwanjonsa a Faris a 1922, wani attajiri mazaunin Amurka, Arthur Hind, ya saye shi fiye da fam 7,000. Bai shiga hannun sarki ba. A 2014 aka sāke sayar da shi kusan dala miliyan tara da rabi. 'Yar takarda ce da ta dushe, kusurwoyinta a yanke. Ba kyanta a ke saye ba.

Wani masani Ba'amurke, Clark Hull, ya gwada ɓeraye a 1934, ya ga suna ƙara sauri in sun kusa inda abinci ya ke. Mai jaki ya riga shi sani, gama jaki ya kan ƙara sauri in ya hangi gida. Haka zuciyar mutum ta ke.

To, wannan ɗoki zunubi ne? Ni dai ba na ce haka nan da nan ba. A 1 Sarakuna 21 mun ga Ahab, mai fāda da ƙasa duka, ya kwanta ya ƙi cin abinci saboda gonar inabi guda ta Naboth, har aka jejjefe Naboth. Amma a Luka 15 Ubangijinmu ya yabi makiyayin da ya bar tumaki 99 ya bi ɗaya, da macen da ta kunna fitila ta share ɗaki saboda azurfa guda cikin goma. Su ma gurbin ne ya hana su zama. Zafin nema ɗaya ne da na Ahab.

Ga inda suka rabu, a ganina. Makiyayi da macen abinsu ne ya ɓata, da suka samu kuwa suka kira maƙwabta a taya su murna. Ahab na wani ya ke so. Mai ɗan jan kan sarkin nan kuma, in gobe aka tono irinsa na biyu a hannun maƙwabcinsa, baƙin ciki zai yi, gama rabin daɗinsa shi ne wani ba shi da shi.

Abin ya shafe mu a ekklesiya. Mai wa'azi yana da littafin sunaye, ana gab da babban taro, wani ɗan'uwa kuma ya yi Lahadi uku bai zo sujada ba. Zai tafi gidansa, i. Amma ko domin lissafi ya cika ne, ko domin mutumin yana kwance ba lafiya, wanda aka je wa ya kan gane tun daga sallama.