Kafin Ka Yanke Waya, Ɗana

Ɗana, ajiye ƙarfen dalmar nan ka saurare ni. Na buɗe fedar jitar da aka kawo maka, na ga aikin da ka yi a ciki. Fitilar da mai kayan ya nema ta kama, hannunka kuma ya fara nuna wajen ɗiga dalma, Allah ya ƙara basira. Amma sautin da mutumin ya kawo ba shi zai koma da shi gida ba, kuma da wannan sautin yake ciyar da iyalinsa a gidajen biki. Garin neman gira ka taɓa ido.

Bukatarsa gaskiya ce. Wanda ke kiɗa da dare, ga ganga, ga lasifika, ga jama'a, ba koyaushe yake iya rarrabewa da kunne ko fedarsa a kunne take ko a kashe ba. Tsofaffin akwatunan da yawa haka aka ƙera su ba fitila: Fuzz Face da aka fara yi a Ingila a 1966, Phase 90 na farko da kamfanin MXR ya fitar a Amurka a 1974, har Cry Baby da aka fi sani, wanda ake lilo da ƙafa a kansa. Ƙananan fedojin Boss na Japan da suka fito a 1977 suna cikin waɗanda suka saba wa makaɗa da ganin ɗan jan haske a gaban ƙafarsu. Don haka karɓar aikin da ka yi daidai ne. Inda ka kauce shi ne ka fara yanka kafin ka karanta makunnin.

Makunnin takawar da ke cikin akwatin nan haƙora shida gare shi, shi ne ake rubutawa DPDT. Makunni biyu ne a jiki ɗaya, kowanne da haƙora uku, na tsakiya shi ne uwa, yana haɗuwa da na sama ko na ƙasa gwargwadon takawa. Wanda ya haɗa shi tun farko ya ba kowane ɓangare aikinsa. Ɗaya na karɓar sautin jita ya tura shi cikin allon da'irar da ke cikin fedar, ko ya kauce da shi. Ɗayan na zaɓar abin da zai fita zuwa amfilifaya, wanda allon ya sarrafa ko wanda ya zagaye. In an kashe feda, allon ya fita daga hanya gaba ɗaya, sai ka ce waya ce miƙaƙƙiya daga jita zuwa amfilifaya. Duka ɓangarorin biyu suna da aiki, babu na banza. Kai da ka rasa inda za ka rataya fitila, sai ka kwance ɓangaren shiga, ka liƙa wayar jita kai tsaye a bakin allon, ka ba fitila gurbin.

Ka san abin da hakan ya jawo? Yanzu ko an kashe fedar, allon na nan rataye a wuyan jita yana tsotsa. Sautin da maganaɗisun jita ke fitarwa rarrauna ne, ba ya jure kaya. Abin da ke fara tafiya shi ne kaifin sama, wannan ƙyalli da ke sa tsirkiya ta ratsa cikin taro. Mai kayan ba zai iya gaya maka sunan cutar ba, zai dai ce jitarsa ta yi mura tun da ta je wurin gyara. Kuma gaskiyarsa ce.

Hanya mai sauƙi tana nan, kuɗinta bai taka kara ya karya ba: makunni mai haƙora tara, 3PDT. Ɓangare uku ke nan. Biyu ka mayar musu da aikinsu na da, na ukun ka ba fitila ita kaɗai, yadda wutar batir ba za ta bi layin sauti ba. Sai dai ka kula da yadda ka riƙe shi, don haƙoran tara a jere suke uku-uku, in ka juya shi a kaikaice duk lissafin ya rushe alhali ido na ganin daidai ne. Kada ka dogara da zanen da ka haddace. Ɗauko mita, ka sa ta a inda take ƙara in waya ta haɗu, ka taka, ka gwada, ka sake takawa, ka rubuta a takarda wanne ke haɗuwa da wanne. In kuma fedar mai ƙara ƙarfi ce sosai, ka haɗa ta yadda bakin allon zai taɓa layin ƙasa lokacin da aka kashe, don kada ya riƙa kuka shi kaɗai kukan ya tsallako cikin sautin.

In akwatin ya yi ƙunci, mai tara ya ƙi shiga, akwai dabarar da wani injiniya Ba'amurke, R.G. Keen, ya fitar mai suna Millennium Bypass: 'yar da'ira ce da taransisto, tana gane an kashe ko an kunna, ta sarrafa fitila ba tare da an ƙwace ɓangaren sauti ba, da makunnin nan mai shida. Wannan sai ka zo mu zauna tare.

Na kuma ga ƙwan fitila guda a ƙone cikin tarkacen teburinka, na san yadda aka yi. LED ba ƙwan tocila ba ne, ba ya tsayar wa kansa iyaka, duk abin da aka ba shi zai sha har ya mutu. Dole a sa masa rasista. Lissafin ba wuya. Batir bolt 9 ne, jan ƙwai na cin kimanin bolt 2, saura 7. In ka sa rasista mai om 4,700, wutar da za ta bi ba ta wuce miliamf ɗaya da rabi ba, kuma ya isa a gani a duhu. Kai om 470 ka sa bayan na farkon ya ƙone, da shuɗin ƙwai mai tsananin haske, yana shan sama da miliamf 12. Wasu tsofaffin fedojin nan duk allonsu miliamf ɗaya ko biyu yake sha, ka ga fitilarka ta fi aikin kansa cin batir ninki-ninki. Ga shi tana kashe ido, mai kiɗa in ya sunkuya ba zai ga inda ya saita maɓallansa ba. Irin wannan ƙwan ko om 10,000 ka ba shi zai haska.

Doguwar ƙafar ƙwan ita ce ta fozitif, gefen da aka shafe a gindinsa na nagatif. Amma kada ka ɗauka kowane akwati jikinsa nagatif ne. Fuzz Face na farko, mai taransiston jameniyam, fozitif ne a jikinsa, a nan juya ƙwan za ka yi. Auna kafin ka liƙa. Sannan dubi inda ka ɗauko nagatif ɗinka: kai tsaye daga baƙar wayar batir. A yawancin fedoji ramin da ake cusa wayar jita shi ne makashin batir, in an zare waya wuta ta yanke. Kai ka zagaye shi. Mutumin zai gama wasa, ya zare wayarsa, ya jefa feda a jaka a kunne, fitila ta kwana tana ci. Ka ɗauko daga layin ƙasan allon, bayan ramin.

Ƙarar "ɗas" da ake ji a lasifika in an taka, wani sashe nata daga fizgar wutar fitilar yake, za ta ragu in ka ƙara rasistar. Sauran daga kafasitocin bakin allon ne da ke tara caji. Rasista mai om miliyan 1 daga nan zuwa layin ƙasa tana zubar da shi. Haƙoran makunnin kuma a cikin wani ƙullu aka dasa su wanda zafi ke sassautawa. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa kowane haƙori, ka bari ya huce kafin ka koma maƙwabcinsa.

Abin da ya fi damuna ba waya ba ne, don waya ana kwancewa a sake. Huda akwatin da ka yi ba ka tambayi mai shi ba, shi ne ba ya gyaruwa. Ya ce a sa fitila, bai ce ga inda za a huda ba, kuma ba ka gaya masa cewa tsohon kaya irin wannan darajarsa na faɗuwa a kasuwa da zarar an taɓa jikinsa ba. Wataƙila da ya sani da ya haƙura, ko ya zaɓi ƙaramin ƙwai mai milimita 3 a gefe maimakon wannan babban rami a fuska. Zaɓin nasa ne, ka ɗauke masa. Ka kuma yi hudar alhali allon na ciki, garin ƙarfe ya zuba a kansa. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale tsakanin layi biyu ta isa ta kashe feda ana tsakiyar wasa. Kayan da aka ajiye a teburinka amana ne, ɗana, ko da na kiɗa ne.

Yanzu ga abin da nake so. Ka zana yadda wayoyin suke kafin ka sake taɓa komai, ka kakkaɓe garin ƙarfen nan tas, ka sa makunni mai tara, tsohon kuma ka ƙulle shi a leda ka mayar wa mai shi, nasa ne. In ya zo, kai da bakinka za ka gaya masa batun ramin tun kafin ya gani, kuma kada ka karɓi ladan aiki sai ya jona jitarsa ya ji da kunnensa, a kunne da a kashe. Allah ya yi maka albarka, tashi ka ɗauko mitar.